Ajiyar Gindin Ɗorawa

Cikin ranakun da na yi a bakin aiki akwai wata Talata da ta ƙi barin kaina, har yau da na ajiye aiki na dawo gida Kabo. Ku da kuka shigo aikin kotu kwanan nan kuna yawan tambayata ko na taɓa ganin alƙali ya ja da jami'an tsaro na sirri. Na gani da idona, sai dai ba irin jan da kuke zato ba ne, na ɗaga murya da buga tebur. Tambaya ce kawai, tambayar da har ni sai da ta ishe ni.

A lokacin ina rajistara a wata kotun majistare a Gwarzo. Ga wanda bai san aikin ba, rajistara shi ke karɓar takardun ƙara, ya jera shari'o'in rana, ya kira suna, ya rantsar da shaida, ya adana fayil. Alƙaliyar da nake ƙarƙashinta Hajiya Bilkisu ce, 'yar cikin birnin Kano, ba ta daɗe da zuwa wajenmu ba. A bayan idonta muna kiranta Hajiya Me-ya-sa. In masinja ya ce mata an ɗauke wuta, sai ta ce me ya sa. In ɗan sanda ya ce mai laifi ya gudu, sai ta tambayi ta wace ƙofa. Shari'ar da wani alƙali zai gama kafin azahar, ita sai la'asar ta same mu a kai, cikinmu na kukan yunwa.

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Lokacin kuwa labarin ɓarayin daji ya yi tsanani ta wajen iyakar jiharmu, kowa a tsorace yake, kuma abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne masu kai musu abinci da mai da labari daga cikin gari. In aka ce wane infoma ne, to ko maƙwabcinsa ba ya tsayawa jin ba'asi.

Wata rana da safe sai ga wani jami'i ya shigo ofishina, sanye da kaftani ruwan toka, ba kaki, ba lamba. Hukumar da yake wa aiki ba zan ambaci sunanta ba, ku dai ku ce masu aikin sirri. Ya ce sunansa Sunusi, ya gaishe ni cikin ladabi har da tambayar iyali, sannan ya miƙo takardar neman ƙarin wa'adin tsarewa.

Bari in yi bayanin wannan, don a nan maganar take. Doka ba ta yarda wata hukuma ta kama mutum ta ajiye shi yadda ta ga dama ba, kome girmanta. In bincike bai kammala ba, sai ta zo gaban alƙali ta nemi izinin riƙe shi na wasu kwanaki. In kwanakin suka ƙare ba a gama ba, sai ta sake dawowa, kuma a zuwa na biyu dole ta nuna dalili mai ƙarfi. In alƙali bai gamsu ba, yana da ikon ba da beli ko ya sallami mutumin. Haka abin yake a rubuce. A aikace kuwa, da zarar an ce maganar tsaron ƙasa ce, hannun alƙalai da yawa yakan yi saurin kai wa ga biro.

Wanda ake tsare da shi wani manomi ne daga Mainika, Malam Buba, asalinsu makiyaya ne amma tun zamanin ubansa suka zauna suka kama noma. An ba da izinin farko kafin Hajiya Bilkisu ta dawo daga hutu. Yanzu Malam Sunusi na son ƙari, kuma ya gaya mini a fili cewa in ya samu, za a wuce da mutumin babban ofishinsu. Na san ma'anar wannan. Wanda aka wuce da shi can da irin wannan zargi, iyalinsa kan daɗe ba su ji ɗuriyarsa ba.

Da aka kira maganar, Hajiya ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta ɗago.

"Malam Sunusi, nan an ce bayanan sirri sun tabbatar yana kai wa 'yan bindiga kaya. Waɗanne bayanai ne?"

"Ranki ya daɗe, ba na iya buɗe su a bainar jama'a. Akwai wanda ya ba mu labarin, in aka gane shi ba zai kwana ba."

"Wannan gaskiya ne, ban ce ka buɗe wa jama'a ba. Ni za ka buɗe wa. Hannuna kake so in sa, to yaya zan sa hannu a kan abin da ban gani ba?"

Ya ce sai ya nemi izinin na gaba da shi. Ta ce ya nema, tana jira. Ya fita ya daɗe yana waya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ina hangensa ta taga yana kai da kawo. Da ya dawo ya ce an yarda, bisa sharaɗin za a rufe sunan mai ba da labarin. Ta ce ita ma ba ta son saninsa.

Muka shiga ofishinta mu uku, aka bar wayoyinmu a hannun ɗan sandan kotu, aka ja ƙofa. Ni fa gabana har faɗuwa yake don zumuɗi. Shekara da shekaru ina jin ana cewa bayanan sirri, ban taɓa sanin kamanninsu ba. Na ɗauka zan ga bindigogi jere, ko taswirar daji da jan layi. Sai Malam Sunusi ya zaro hotuna daga ambulan ya shimfiɗa a tebur.

A hoton farko ga wani dattijo siriri a kasuwa yana ɗaure buhu a bayan keke. A na biyu ga shi a gindin wata ɗorawa, can bayan gonaki inda daji ya fara, yana sauke buhun. A na uku buhun ne kaɗai, babu kowa. A na huɗu ga wani dogon mutum da malafa ya rufe masa fuska, ya saɓa buhun ya nufi daji. Malam Sunusi ya ce haka ake yi duk ranar kasuwa, kuma ba a taɓa ganin su biyun sun haɗu ko sun gaisa ba. Ranar da suka kama shi sun buɗe buhun, sun sami kanwa, gishiri, sukari, ganyen shayi, batirin tocila, maganin shanu da takalmin roba.

"Ranki ya daɗe, a aikinmu wannan sananniyar dabara ce," in ji shi. "Mai kaiwa ya ajiye ya tafi, mai ɗauka ya zo daga baya, don ko an kama ɗaya ba zai iya nuna ɗaya ba. Kuma mun tambaye shi har mun gaji. Ya ce wani yaro ne. Muka ce sunansa, ya ce ba ya iya faɗa."

Ni dai a raina na ce shi ke nan, dattijo ya shiga uku. Wane mai gaskiya ne zai ajiye kaya a daji ya ƙi faɗin mai su?

Hajiya kuwa ta jawo wani hoto da ke gefe ta kai shi kusa da fuskarta. A cikinsa ga Malam Buba can nesa, ya laɓe bayan wata bishiyar kargo, ya jingine kekensa, yana kallon wajen ɗorawar.

"Nan me yake yi?"

"Gadin buhun yake yi, ranki ya daɗe."

"Mai gadi hanya yake kallo, ko za a zo. Wannan ya ba hanya baya. Me ya sa?"

Malam Sunusi ya yi ɗan murmushi, ya ce ba zai iya shiga zuciyar mutum ba. Ta ce ita ma haka, shi ya sa take son a kawo mata shi ta gan shi. Ta ba da umarni a rubuce, a kawo shi washegari.

Washegari aka shigo da shi da ankwa, ta ce a cire. Mutum ne mai sanyin murya, idonsa kullum a ƙasa. Ta tambaye shi ko an doke shi, ko ana ba shi abinci, ko yana samun yin salla. Wannan ma aikin alƙali ne, duk wanda aka kawo daga tsare sai an ji lafiyarsa daga bakinsa. Ya ce ba wanda ya taɓa shi, sai dai tunanin gona. Ta tambaye shi buhun na wane ne.

"Na wani yaro ne, ranki ya daɗe."

"Ka san shi?"

"Ina dai ganinsa."

"To sunansa?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Wani alƙalin da nan zai tsaya ya sa hannu, kuma ba mai zarginsa. Ita sai ta saki zancen buhu gaba ɗaya ta shiga tambayarsa gida. Gonarsa eka nawa, me ya shuka bana, wa ke nome masa yanzu, matarsa na nan lafiya? Na dubi agogo na ce yau ma mun bani. Sai ta ce, "'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu," in ji shi, ya jero sunayensu. Malam Sunusi ya gyaɗa kai, don huɗun suka tarar a gidan ranar da suka je bincike.

Daga bencin baya sai muka ji murya. "Ranki ya daɗe, biyar ne."

Ɗan sanda ya yunƙura zai tsawata, Hajiya ta ɗaga masa hannu. Mai maganar wani mutum ne da sandar dogarawa, ƙafarsa ɗaya a naɗe. Ya ce sunansa Sale, ƙanin Malam Buba ne, kuma maganar ta suɓuce masa ne, a yi masa afuwa. Ta ce ya matso, ta sa na rantsar da shi.

Sale ya ce yayansa na da ɗan fari, Usmanu. Tun da aka yaye shi kakanninsa na wajen uwa suka ɗauke shi, kamar yadda ake yi a danginsu, ya tashi a rugarsu cikin shanu. Kakan ya rasu, yanzu shi ke riƙe da garken da kakarsa tsohuwa, kuma da damina sukan matsa cikin daji don kada shanu su shiga gonakin mutane. Da can shi Sale ne ke kai masa kayan masarufi, sai ya faɗi a babur ya karye. Malam Buba kuwa ba zai iya miƙa wa ɗan farinsa abu hannu da hannu ba, ba ya kiran sunansa, ba ya lissafa shi cikin 'ya'yansa. Shi ne suka shirya ta waya, yaya ya riƙa ajiyewa a gindin ɗorawa, yaron ya zo ya ɗauka.

Sai da na ji kunyar kaina ta wani gefen, don ni ma a gidan da ake wannan na tashi. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran babban yayanmu da sunansa ba, sai dai ta ce wancan yaron. Amma da aka sa mini abin cikin ambulan aka ce sirrin gwamnati ne, ko kusa tunanina bai je can ba.

"To Malam Sale, me ya sa ba ka je ka gaya musu ba tun farko?" in ji Hajiya.

"Na je, ranki ya daɗe, ba a bar ni na wuce ƙofa ba. Daga baya kuma tsoro ya kama ni. Saurayi, Bafillace, a daji, a wannan zamani. Na ce in na faɗa, maimakon ɗaya sai a riƙe biyu."

Na ɗauka Malam Sunusi zai rikice, amma ko gezau. Ya miƙe cikin natsuwa.

"Ranki ya daɗe, ni ma Bahaushe ne, na san kunyar ɗan fari, kakata ta yi. Amma masu kai wa ɓarayi kaya su ma sun san ta. In na saki mutum a kan al'ada, gobe aka shiga wani ƙauye aka kwashe mutane, wa zan gaya wa al'ada? Ni ban ga Usmanu ba. Malafa na gani."

Wallahi maganarsa ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Hajiya ma ta ce haka ne. Ta ƙi ba shi dogon wa'adin da ya nema, ta kuma ƙi sakin Malam Buba. Ta ba da kwanaki kaɗan, ta hana a fitar da shi daga Gwarzo. Ta ce jami'an su je rugar tare da mai unguwa su gane wa idonsu, Sale kuma ya kawo Usmanu kotu. Ta sa aka rubuta cewa duk tambayar da za a yi wa saurayin a gabanta za a yi, kuma ba wanda zai kama shi a harabar kotu sai da izininta. Malam Sunusi ya ce ya amince.

Kwanakin nan na yi su ina saƙe-saƙe. Zai zo kuwa? In da ni ne, da wuya. Kuma wani abu ya tsaya mini a rai: shin kunya ce ta rufe bakin dattijon nan har ya zaɓi zaman tsare, ko tsoron kada a kama masa ɗa? Na tambayi Sale a bakin ƙofa, ya ce shi ma bai sani ba, irin wannan ba a tambayar yaya. Har yau ban sami amsar ba, wataƙila shi kansa Malam Buba bai raba su ba.

Ranar Talatar da aka sa, ina jera fayil sai ɗan sanda ya leƙo ya ce ga wani dogo a waje, ya ƙi shigowa da sandarsa, yana tambayar inda zai ajiye ta. Usmanu ne, saurayi da zai yi shekara ashirin da 'yan kai, ƙafarsa duk taɓo. Da ya cire malafa, ba sai an kira shaida ba, hancin da goshin duk na uban ne. Malam Buba na ganinsa ya shigo ya juya fuskarsa ga bango.

Malam Sunusi ya yi masa tambayoyi masu yawa, kuma bai sassauta ba. Shanu nawa, ina mashaya, wa yake gani a daji, an taɓa zuwa neman abinci wajensa? Saurayin ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har ya ce sau ɗaya ya hangi baƙin babura ya kora garkensa ya canja wuri. Sannan Malam Sunusi ya gaya wa kotu cewa mutanensa sun je rugar, sun ga shanu, sun ga tsohuwa, sun ga ragowar kanwa da buhunan da aka tara, mai unguwa kuma ya shaida dangantakar.

"Zan janye buƙatata, ranki ya daɗe. Saura abu ɗaya. A bayanin da Malam Buba ya ba mu, ya ƙi faɗin wanda yake kai wa kaya. In na mayar da fayil haka, wani a sama zai buɗe wata rana ya ga gurbin, ya ce a sake ɗauko shi. Sai ya faɗa da bakinsa, a gaban kotu, ya nuna shi, sannan in iya rufewa."

Hajiya ta tambaya ko shaidar Sale da ta mai unguwa ba su wadatar ba. Ya ce a wajenta sun wadatar, a wajen na gaba da shi ne bai tabbata ba, kuma ba ya son dattijon ya koma gida da igiya a ƙafa. Ta juya ga Malam Buba. Sannan ta sassauta murya.

"Baba, ka ji abin da ya ce. Ban so in matsa maka ba, amma ba na son a sake zuwa maka. Wannan da ke tsaye, wane ne shi a wajenka?"

Malam Buba bai juyo ba. Na ga yatsunsa suna murza bakin rigarsa.

"Ɗana ne."

"Sunansa, Baba?"

Sai ya juyo a hankali, ya ɗaga ido ya dubi saurayin, ya ce, "Usmanu."

"Na'am, Baba," in ji saurayin.

Ba wanda ya tambaye shi, amsawa kawai ya yi, kamar yadda kowane ɗa ke yi in ubansa ya kira shi. Sai bayan kalmar ta fita daga bakinsa ya gane, ya sa malafa ya rufe fuskarsa. Sale ya fashe da kuka a bencin baya. Ni kaina sai da na yi kamar ina neman wata takarda a ƙarƙashin tebur. Malam Sunusi ya ce ya janye, muryarsa ba kamar ɗazu ba, Hajiya ta sallami Malam Buba nan take.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan, ku masu tasowa, shi ne masu aikin sirri ba abokan gabarmu ba ne. Aikinsu zargi ne, kuma da ba sa zargi da ba mu yi barci ba. Amma mai zargi, kome kyan niyyarsa, abin da yake nema shi yake gani, don haka doka ta ce kafin a ci gaba da riƙe mutum sai wani da ba shi ya kama ba ya duba ya yi tambaya. In an kawo muku takarda an ce sirri ce, ku karɓa da mutunci, ku kai ta gaban alƙali, kada kuma ku ƙosa in ya tsaya tambayar gona da 'ya'ya. Ni na ƙosa a ranar, har ina duban agogo.

Da aka tashi na tsaya a taga ina kallonsu. Ba su gaisa ba, ba su haɗa ido ba. Uban ya fita gaba, ɗan ya ɗauki sandarsa ya biyo shi can baya, da tazarar da suka saba. Sai da suka kusa bakin titi na ga Malam Buba ya rage sauri.